Yadda ake gwajin tunjere, da yadda za ka gane takardar lab

Tunjere ciwo ne mai iya ɓuya. Ɗan miki ne ke fitowa a al'aura ko a baki kamar sati 3 bayan an ɗauka, ba zafi ba raɗaɗi, ya warke da kansa, mutum ya ce ai jiƙon da ya sha ne ya yi aiki, alhali ƙwayar cutar na nan cikin jini tana ta aikinta. Gwajin jini ne kawai zai faɗa maka gaskiya.

Ka je JUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Jos) ko asibitin Plateau Specialist da ke Jos ko lab ɗin da ka yarda da shi, ba sai ka ƙi karyawa ba, jini kaɗan za a ɗiba. Amma kafin ka miƙa hannu ka tambayi mai lab: wanne iri za a min? Don sau da yawa gwajin da ake kira VDRL ake rubutawa a takarda amma ɗan tsinken nan na gaggawa ake ɗiga wa jini, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Gwajin kashi biyu ne. VDRL da RPR su ke nuna ko ciwon na ci yanzu, sai dai suna iya yin ƙarya, mai ciki ko mai maleriya ya ga "Reactive" hankali ya tashi a banza. TPHA da TPPA da shi tsinken kuma, in ka taɓa kamuwa ko da shekara 10 baya ne ka warke sarai, yawanci haka za su riƙa nunawa har ƙarshen rayuwa. To ka ga ɗaya bai isa ba, in wannan ya nuna sai a tabbatar da ɗayan. Wallahi kar a fasa aure a kan tsinke guda.

In RPR ya nuna ka ce a rubuta maka lamba, irin 1:8 ko 1:32. Ka adana takardar nan, ka ɗauki hotonta a waya. Bayan allurar benzathine penicillin, guda ɗaya in sabon kamu ne, uku sati-sati in ya jima, za a sake gwaji a wata 6 da wata 12, ana son lambar ta sauka kamar daga 1:32 zuwa 1:8. Irin gwajin farko za a maimaita, a lab ɗaya in da hali.

In ba ka daɗe da ɗaukar cutar ba jini zai iya fitowa ba komai, ka koma bayan wata 3.

Mai ciki kuma ta nema tun zuwan awo na farko, akwai tsinken da ke duba HIV da tunjere tare, don ciwon na kashe jariri a ciki. In ya nuna, maigida ma ya zo a duba shi a masa allura, in ba haka ba zai sake saka mata.