Yoyon baƙin mai da ya ƙi tsayawa: a gwada ƙarfin inji kafin a sake sayen gasket

Idan an canza gasket sau biyu amma baƙin mai bai daina ɗiga ba, yawanci laifin ba na gasket ɗin ba ne. Iska ce take taruwa a cikin inji, tana turo man waje ta duk inda ta sami rauni. An fi ganin haka a motocin tokumbo da suka sha tafiya kafin su iso hannunka.

Fara da wanke injin tas. Ya bushe, ka yi tafiyar kamar kilomita 20, sannan ka haska da tocila. Mai daga sama yake gangarowa, don haka nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Sau da yawa ana zargin botom filet (tasar da mai ke taruwa a ƙasan inji) alhali tof koba (murfin saman inji) ce ke zuba. In ɗigon daga mahaɗar inji da giyabos yake, sil ɗin bayan karanshaf ne, kuma sai an sauke giyabos. A injin Honda K24, gasket ɗin solenoid na VTEC ya saba wannan yoyo.

Daga nan sai bawul ɗin PCV, ɗan ƙaramin abu da tiyo ya haɗa shi da manifol. Shi ke zuƙe hayaƙin da ya kuɓuce ta gefen fistin; in ya toshe, iskar ta taru ta turo mai waje. Cire shi ka girgiza: in ba ka ji motsi a ciki ba, ya toshe, canza shi, ba shi da tsada. Bar inji a sulo, ka buɗe murfin zuba mai. In hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi kamar tukunya a kan wuta, ringin fistin sun fara gajiya, sai gwajin kwamfireshan, wato auna ƙarfin matsin iska a kowace silinda.

Ga yadda ake gwajin: a bar inji ya ɗauki zafi, batir a cike. Kashe shi, cire fiyus ɗin famfon fetur, zare fulogi gaba ɗaya. Ɗaura gejin auna kwamfireshan a ramin fulogi na farko, wani ya take totur har ƙasa, ya murza ki injin ya juya sau 5 ko 6. Rubuta abin da allura ta nuna, ka bi sauran silinda haka. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da psi 150 zuwa 200, amma abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin silinda: kada ta wuce kashi 10 cikin 100.

Silindar da lambarta ta faɗi, zuba mata ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi, ka sake gwadawa. In lambar ta tashi sosai, ringi ne ko bangon silinda, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ɗin silindar ne ba ya rufewa. Silinda biyu maƙwabta sun faɗi tare? Tof gasket ta ƙone a tsakaninsu. Duba ko ruwan lagireto na raguwa ko yana kumfa.

Salansa ma tana ba da shaida. Shuɗin hayaƙi da safe kaɗai yana nuna sil na bawul, wanda ke fita lokacin taka totur kuwa ringi ne. Injin 2AZ-FE na Camry 2007 zuwa 2009 yana iya shan mai alhali geji ya nuna lafiya lau, saboda ringin share mai ne ke maƙalewa, ba na matsi ba.

Kada ka yarda a lafta gam a kan gasket. Rarar tana gutsirewa ta faɗa cikin botom filet ta toshe rariyar famfon mai, daga nan sai inji ya buga. Zuba mai mai kauri irin 20W-50 kuma rage hayaƙi kawai yake yi, ringin na nan yadda suke. In gwajin cokali ya nuna ringi, a auna bangon silinda kafin a sayi sababbi, don in ya zaizaye sai an kai bulok wurin masu boring.