Kurakuran da masu koyon zanen yadi irin na Sikandinebiya suka fi tafkawa, da yanda ake gyara su

Duk wanda ya fara cin karo da labulaye da filon kujera na ƴan Suwidin da Finlan a Pinterest ko Instagram, abu na farko da yake zuwa masa a rai shine ai wannan ko yaro ma zai zana, ƙaton fure ɗaya, kala biyu ko uku, farin fili, shikenan. Toh daga nan matsalar take farawa, domin abinda kake gani a hoto ba shine aikin ba, aikin yana cikin yanda zanen zai zauna a kan yadi mita goma ba tare da ido ya gano inda aka haɗa ba, ya kuma rayu a ɗaki shekara da shekaru ba a gaji da kallonsa ba. Yawancin masu koyo hoto suke zanawa, ba yadi ba, kuma kusan duk kurakuran da zan kawo daga nan suka samo asali.

A fara da girma. Mutum zai zauna da waya ko kwamfuta ya zana furanni ƴan mitsi-mitsi, a fuskar waya sun yi kyau ba laifi, amma ranar da aka buga aka rataya a taga sai kaga daga bakin ƙofa babu abinda ake gani sai ɗige-ɗige. Ka duba Unikko, zanen furen nan da Maija Isola ta yi wa kamfanin Marimekko na Helsinki a 1964, wanda har yau ake bugawa, a babban bugunsa fure ɗaya zai iya cinye fuskar filon kujera kusan gaba ɗaya. Abin dariyar ma shine mai kamfanin, Armi Ratia, wacce ta kafa shi a 1951, ta riga ta ce ita ba za a buga fure a gidanta ba, Isola ta yi kunnen uwar shegu ta zana abinta. Ƙarfin zanen nan a girmansa yake, in ka ƙanƙance shi ya zama yadin rigar yara. Gyaran kuwa ba kuɗi yake ci ba, ka samu takarda babba ko ka haɗa ƙanana da salatif, ka zana a ainihin girman da kake so ya fito, ka manna a bango ka ja baya taku biyar ko shida ka kalla. Sannan ka naɗe takardar yanda labule yake tattarewa, don kar ka manta labule yana cin yadi kusan ninki biyu na faɗin taga, wato kusan rabin zanenka a cikin tattara zai ɓuya, in dama duk kyan yana wuri ɗaya ne toh an yi asara.

Sai babbar magana, maimaici, wato yanda gutsuren zane ɗaya yake bin ɗan'uwansa sama da ƙasa, hagu da dama. Nan ne ake gane wanda ya koya da wanda ya kalla kawai. Abinda sabon hannu yake yi shine ya zana abu a tsakiyar takarda ya bar gefuna fayau, sai ya jera kwafi-kwafi, da an jera sai kaga fararen layuka sun fito a tsakani kamar tayil ɗin banɗaki, ko kuma wani jan fure ɗaya da ya fi sauran girma ya dinga faɗowa a wuri ɗaya har ya yi layi daga sama har ƙasa, kai baka zana layi ba amma ido yana ganinsa kuma in ya gani sau ɗaya bazai daina gani ba.

Tsohuwar dabarar da ake koyarwa har yanzu da almakashi ake yinta. Ka zana tsakiyar takardarka kar ka taɓa gefe, ka yanka ta biyu a tsaye, ka musanya ɓangarorin na dama ya koma hagu na hagu ya koma dama, ka manne ta baya da salatif. Ka sake yankawa a kwance ka musanya sama da ƙasa. Yanzu zanenka ya watse zuwa kusurwoyi huɗu, tsakiya ta zama fili, sai ka cike wannan filin nan ma kar ka taɓa gefe. Duk abinda ya fita ta dama zai shigo ta hagu daidai wa daida. Ka yi fotokwafi aƙalla tara ka jera uku-uku a ƙasa, ka tsaya a kai ka ɗan runtse ido, duk inda rami ko layi yake zai nuna kansa. Huɗu basa isa, a tara ne ake ganin gaskiya. In layin ya ƙi ɓacewa toh a jerin da suke tsaye ka sauke kowane na biyu da rabin tsawon zanen, irin wannan zamewar rabi ita ce ta fi yawa a yadin labule da takardar bango saboda tana karya jeri. Kuma ko a kwamfuta kake aiki wallahi ka yi na takardar ko sau ɗaya ne, hannu yana gane abinda danna maɓalli bazai koya maka ba.

Wani abin da ba a faɗa wa masu koyo da wuri, in kana da burin wata rana masana'anta ta buga maka, girman maimaicin ba a hannunka kaɗai yake ba. Injin buga yadi mai gangar raga da aka fi amfani dashi kewayen gangarsa santimita 64 ne, don haka tsawon maimaicinka ya zama 64 ko abinda zai raba shi daidai, 32 ko 16, faɗin yadin kayan ɗaki kuma galibi tsakanin 140 ne zuwa 150. Ka fara da wannan lissafin tun farko ya fi ka gama aikin wata guda ace maka sai an ja shi ko an matse.

Kala kuma kuskure biyu ne masu kishiyar juna. Na farko masu zuba kala goma sha biyu saboda a kwamfuta kyauta ce, sun manta a bugun raga, wato inda ake jan inki ta cikin ragar da aka ɗaura a firam ya sauka a yadi, kowace kala firam ɗinta daban, jan hannunta daban, jiran bushewarta daban, kuma kowacce dama ce ta a samu gocewa. Ka fara da biyu. In kana son ta uku ka bar biyun su hau kan juna, shuɗi a kan rawaya ya baka kore kyauta, dabarar da Vuokko Nurmesniemi ta yi kenan a zanenta mai ratsi-ratsi na Piccolo a 1953, inda ratsin burushi biyu suka haɗu sai wata kala ta fito. Amma fa sai inkin mai shara-shara ne, mai kauri rufewa kawai zai yi. Kuma farin yadin kansa kala ne, a lissafa dashi.

Na biyun su ne waɗanda suka ɗauka salon nan toka-toka ne da fari da ruwan ƙasa kawai, saboda haka hotunan ɗakunan intanet suke nunawa. Waɗannan su je su nemi aikin Josef Frank, mutumin Ostiriya da ya koma Suwidin a 1933 ya yi aiki da shagon Svenskt Tenn na Estrid Ericson a Stockholm, zanensa cike yake maƙil da ganye da ƴaƴan itatuwa da tsuntsaye, ja da kore da ruwan lemo wani lokacin a kan baƙin fili ma. Ko zanen Oomph na Viola Gråsten na 1952, ko ƙungiyar masu zane goma da suka haɗu a Stockholm a 1970 saboda masana'antu suna ce musu zanensu ya yi girma ya yi kala ba zai sayu ba. Mutanen da a watan Disamba hasken ranarsu bai wuce awa shida ba ai dole su nemi kala a cikin ɗaki. Mu kuma namu akasin haka ne, rana ce har ta yi yawa ga ƙura, don haka farin filin nan tas da yake burge ka a hoto in ka rataya shi a Kano ko Zinder lokacin hunturu sati biyu ya isa ya koma ja-ja. Ka nemi yadin da ba a wanke shi da bilic ba mai ɗan ruwan madara, ko ka buga filin da kala ka bar zanen ya fito fari.

Akwai kuma cutar tsafta, wacce kwamfuta ta kawo. Mutum ya zana ganye da burushi ya yi kyau, sai ya saka a manhaja ta bi layin ta goge duk wata karkata, ganye goma duk suka zama ɗaya sak. Ka kalli Unikko da kyau, babu fure biyu masu siffa ɗaya, gefunan a karkace suke, ɗigon tsakiya bai zauna a tsakiya ba. A gidan buga yadi na Jobs Handtryck da ke yankin Dalarna na Suwidin tun shekarun 1940 da hannu suke bugawa a kan dogayen tebura, kala bayan kala, kuma abinda mutane suke biya kenan. Ka zana da baƙin inki a farar takarda, ko ka yanko siffofin da almakashi daga baƙar takarda, kowace kala a takardarta, ka yi sikanin ka gyara datti kawai ka bar hannunka a ciki.

Yanzu teburin bugu. Da yawa wajen masu buga riguna suke fara koyo, kuma ba laifi, firam da raga da robar ja duk ɗaya ne, amma inkin da suke sa wa riga mai kauri irin na roba bai dace da labule ba, zai zauna a saman yadin ya sandare, labulen ya ƙi zubowa, a filon kujera kuma ya tsattsage. Inkin yadi mai haɗin ruwa ake so, a kan auduga zalla ko lilin, da raga mai lamba 43T ko kusa da haka, mai ƙananan ido sosai ta takarda ce zata toshe maka. Yadin kuma a wanke shi kafin a buga, sabon yadi da sitati yake zuwa, in ka buga a kai inkin sitatin ya kama ba zaren ba, wankin farko zai tafi da rabi, ga shi yadin zai tsuke bayan ka riga ka yanka. A goge shi, a shimfiɗa bargo a tebur a rufe da wani ƙyalle a ja shi ya yi tsam, a kafe yadin da allurai ko salatif kar ya motsa. Ka auna tsawon maimaicin ka sa alama a gefen tebur tun kafin ka buɗe gwangwanin inki, kuma kar ka buga a jere, ka buga na ɗaya ka tsallake na biyu ka buga na uku, in sun sha iska ka dawo ka cike, in ba haka ba gindin firam zai taka ɗanyen inki ya kai maka shi inda baka aike shi ba. Inda maimaici biyu zasu haɗu kuma kar ka yanka shi a miƙe, ka bi gefen ganye ko fure a karkace, miƙaƙƙen layi ko da kaurin gashi ya goce sai an gani.

A lokacin iskar hunturu inkin ruwa yana bushewa a cikin raga kafin ka gama amsa waya, don haka bayan kowane ja ka sake shafe ragar da inki a hankali ba tare da dannawa ba, ka kashe fanka, ka yi aikin da sassafe, bokitin ruwa da soso a kusa. Kuma bushewa daban kamawa daban, nan ne da yawa suke kuka, yadi ya bushe an kai wa mai shi, wanki ɗaya ya zuba. Irin wannan inkin sai ya ji zafi, yawanci wajen digiri 150 na minti uku zuwa biyar, amma ka karanta abinda aka rubuta a jikin gwangwanin naka. Da dutsen guga ta bayan yadin ake bi, gutsure-gutsure, ba shafawa ɗaya a wuce ba. Kafin ka sayar da ko yadi ɗaya ka yanki ƙyalle uku, ɗaya ka wanke sau biyar, ɗaya ka manna a taga mai rana ka rufe rabinsa da kwali na wata guda, ɗaya ka ajiye a durowa, sai ka jera su ka gani. Ja da ruwan hoda sun fi saurin bada kunya a rana.

Maganar kwafa kuma gara a faɗe ta ƙarara. Zane-zanen nan duk suna da masu su, Frank ya rasu a 1967, Isola a 2001, kuma a Turai haƙƙin mai zane yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwarsa, ka canza kala ko ka juya furen bai mayar dashi naka ba. Ko su can abin ya taɓa ƙona su, a 2013 aka gano wani zanen itatuwa na Marimekko da har an manna a jikin jirgin saman kamfanin Finnair an ɗauko shi ne daga aikin wata mai zane, Maria Primachenko ƴar Yukren, aka yi ta ban haƙuri aka cire. Abinda ya kamata ka ɗauka a wajensu shine hanyar, su furannin bayan gidansu suka kalla suka rage su har sai da siffa kawai ta saura. Kai ga ganyen zogale da dama a jere yake kamar an tsara, ga kan zoɓo, ga goruba mai reshe biyu, ga kuka da ƴaƴanta a rataye, babu wanda zai ce ka sata. Tsuntsayen Frank kuwa ka tambayi mai ɗaki tukuna, gidaje da yawa a nan basa son hoton mai rai a labule, kar ka buga mita ashirin a dawo maka dasu.

In ka zo kai wa tela kuma ka buga da rara, domin labule biyu da zasu rataya a taga ɗaya dole furen hagu ya yi daidai da na dama, kowane faifai sai an fara yanka shi daga wuri ɗaya a cikin zanen, wato ka ƙara tsawon maimaici guda a kan kowane faifai. Ka kuma sa masa kibiya da alli a bayan yadin ta nuna ina ne sama, in ba haka ba zai ɗinka maka ɗaya itatuwan suna kallon ƙasa kuma ya rantse haka ka kawo.