Yadda za ka sa ɗumi ya zagaya cikin ƙaramar tirelar kwana lokacin hunturu

Duk wanda ya taɓa kwana a irin ƙananan tirelolin nan da ake ɗaurawa a bayan Hilux a ja zuwa gona, ko Kadawa ne wajen noman rani ko bakin dam ɗin Tiga, ya san sanyin asuba na Disamba da Janairu ba wasa ba ne. A cikin garin Kano ma yakan sauka wajen digiri 12, balle bakin ruwa. Abun haushin shi ne ka kunna hita, ka miƙe tsaye ka ji kanka har gumi yake, amma ka kwanta ƙafarka kamar ka tsoma ta a randa. Sai mutum ya ce hitar ce ta yi kaɗan ya je ya sayo babba, alhali ɗumin yana nan, ya hau sama ne ya maƙale a silin, saboda iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi.

To aikin farko shi ne ka sauko da shi. Ka samu 'yar fankar nan ta cikin kwamfuta mai bolt 12, masu gyaran kwamfuta a Farm Centre ko Beirut Road ba sa rasa tsofaffi, ka ba mai rewaya ya haɗa maka da batir da ɗan makunni da fis. Ka ɗaura ta can sama kusa da silin tana kallon ƙasa, amma ba saitin fuskarka ba, in ba haka ba da mura za ka tashi. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, za ta kwana tana juyawa batirinka bai sani ba. Kar ka saka babbar fanka, iskar da ta yi ƙarfi ko mai ɗumi ce sanyi jiki zai ji. In tirelar tana da ɗan tsawo sai ka ƙara ta biyu a ƙasa can ƙuryar da ta fi sanyi, tana turo iskar ƙasa zuwa wajen hita, shikenan iska ta samu hanyar zagayawa.

Sannan ka duba bakin hitar kanta. Mu dai akwai mu da tara kaya, jarka nan, buhun taki can, jakar kaya a gaban inda zafi ke fitowa. Ka kwashe. In irin hitar dizal ɗin nan ce ta Chana mai kilowat 2, tana da bakin shaƙar iska da na fitarwa, kar su kalli juna kuma kar su yi kusa, don sai ta riƙa shaƙar zafin da ta fitar, ta ɗauka ɗaki ya ɗumama ta rage wuta kai kuwa kana can kana karkarwa. Bututun zafin ya fito ta ƙasa dab da daɓe, ya zama gajere, kowace lanƙwasa da ka ƙara masa ƙarfin iskar raguwa yake. Akwatin da ke ƙarƙashin gado kuma a huda masa ramuka ko a bar murfin a ɗan buɗe, nan ne sanyi yake kwanciya ya ratso katifa.

Daɓen ƙarfe ko falanki shi kaɗai iska na bi ta ƙarƙashinsa duk dare, don haka ka shimfiɗa soso siriri ka ɗora kafet a kai. Tagogi a sa labule mai kauri, ko tsohon bargo na gwanjo daga Ƙofar Wambai ya wadatar.

Amma fa kar ka ce za ka toshe ko'ina ruf. Numfashin mutum biyu a dare ɗaya ya isa ka wayi gari bango na tsiyayar ruwa, daga nan sai katifa ta fara wari, fumfuna ta kama, ƙarfe ya yi tsatsa. Ka bar ƙofar iskar sama a ɗage kamar yatsa ɗaya, da wata 'yar kafa ta ƙasa.

Maganar kasko kuwa don Allah a bar shi a waje. Na san mun saba a ɗaki da tsofaffi ana jin ɗumi, amma tirela akwati ce. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum zai ji ciwon kai da barci kawai, kuma daga barcin ba lallai ya farka ba. Haka risho ko gas na girki, ba abin ɗumama ɗaki ba ne. Ita ma hitar dizal dole salansarta ta fita waje, nesa da taga da ƙofa, ka sa mai walda ya duba maka mahaɗarta ko tana yoyo. Akwai 'yar na'urar da ke yin ƙara idan iskar kabon monoksaid ɗin ta taru, da batir take aiki, ka maƙala ɗaya kusa da gado ka danna maɓallin gwajin kafin ku bar gari.