Kurakuran da aka fi yi wajen warware lissafin kwadiratik

Kuskuren da ya fi damuna idan ina duba takardun ɗalibai a kan lissafin kwadiratik, wato irin wanda ke ɗauke da x² (x sau x), shi ne na mantawa da sifili. A ba yaro x² + x = 6, sai ya fitar da x waje, ya rubuta x(x + 1) = 6, ya ce x = 6 ko x + 1 = 6, wato x = 5. To, saka 6 ɗin ka gani: 36 da 6 sun zama 42, ba 6 ba. Abin da ya sa ake fasa lissafi gida biyu shi ne, idan aka ninka abu biyu suka ba da sifili, dole ɗayansu ya zama sifili. Wannan ƙa'ida ta sifili ce kaɗai, domin ana samun 6 daga 2 sau 3, daga 1 sau 6, har daga 12 sau rabi. Gyaran shi ne ka kwaso komai zuwa ɓangare ɗaya tukuna: x² + x − 6 = 0, wato (x + 3)(x − 2) = 0.

Nan ma akwai wurin tuntuɓe. Wasu su kwafi lambobin cikin baka yadda suke, su ce amsar 3 da −2. A'a, idan x + 3 = 0, to x = −3 ne, ɗayar kuma 2.

Sai mai garajen da zai ga x² = 4x ya raba ɓangarorin biyu da x. Ya samu 4, amma ya zubar da x = 0 bai sani ba. Da ya rubuta x(x − 4) = 0, da duka biyun sun fito.

Cika murabba'i kuwa, wato mayar da ɓangaren da ke da x zuwa siffa irin ta (x + 5)², tsohuwar dabara ce. Al-Khwarizmi, masanin da ya yi aiki a Bagadaza, ya yi bayaninta wajen shekarar 820 da misalin x² + 10x = 39, yana zana murabba'i na gaske yana cika gurbin da ya rage. Rabin 10 shi ne 5, 5 sau 5 kuma 25. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ƙara 25 a hagu a bar dama yadda take. Ikweshon kamar ma'auni yake, abin da ka ɗora a wannan gefe sai ka ɗora a wancan. Saboda haka (x + 5)² = 64. Daga nan sai a rubuta x + 5 = 8 a tsaya, alhali −8 sau −8 ma 64 ne. Amsoshin su ne 3 da −13. Shi Al-Khwarizmi 3 kawai ya ɗauka, domin bai yi aiki da lambobin da ke ƙasa da sifili ba, amma kai mai jarrabawa zai nemi duka biyun a wurinka.

Idan akwai lamba a gaban x², kamar 2x² + 8x − 10 = 0, kada ka ɗauki rabin 8 kai tsaye. Fara raba kowane abu da 2, har da 10 ɗin da ake yawan mantawa da ita: x² + 4x = 5. Ƙara 4 a kowane gefe, ka samu (x + 2)² = 9, wato x = 1 ko −5. Mayar da 1 cikin tambayar farko: 2 da 8 sun zama 10, a cire 10, saura sifili. Yanzu gwada −5 da kanka.