Yadda Malami Zai Bibiyi Ci Gaban Ajinsa Ta Rahoton Darussan Kwamfuta

A 'yan shekarun nan na zauna da malamai da dama waɗanda aka kawo wa makarantunsu kwamfutocin hannu ɗauke da darussa, kuma kusan dukkansu a wuri guda suke tuntuɓe. Cikin kwana biyu za su koyi kunna na'ura da tura wa yara darasi, amma idan shugaban makaranta ya tambayi inda aji ya kai a mako na shida, sai su buɗe shafin rahoto, su ga layuka sun cika, su ce an gama, alhali kuwa yaran ba su iya abin da rahoton ya ce sun kammala ba. Wannan bayani na malamin da ya riga ya iya shiga da fita ne, don haka ba zan tsaya kan kunna na'ura ba. Kalmar manhaja a yau tana ɗaukar ma'ana biyu, wato tsarin karatun da hukuma ta shimfiɗa da kuma abin da ake ɗorawa a kwamfuta, saboda haka zan riƙa kiran na farko manhajar karatu, na biyu kuma dandali.

Yawancin misalaina daga Kolibri na ɗauko su, dandalin da ƙungiyar Learning Equality ta Amurka ta fitar a 2017, domin kyauta ne kuma yana aiki ba tare da intanet ba: kwamfuta guda ce ke riƙe da darussa, sauran na'urorin ajin kuma su haɗu da ita ta waifai na cikin gida. Mai amfani da wani dandalin, kamar Moodle, ko Google Classroom, ko Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, zai ga sunayen shafuka sun bambanta, amma aikin da ke kan malami bai canza ba.

Aikin farko a kan takarda ake yin sa. Ka ɗauko jadawalin aikin zango, wanda malamai ke kira sikim, wanda aka ciro daga manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatun makarantun Najeriya, ka ja layi uku a littafi: mako, batun da za a koyar, da darasin da ya dace da shi a dandali. Dalilin haka shi ne yawancin darussan da ke cikin dandalin, irin na Khan Academy, ƙungiyar Amurka mai samar da darussa kyauta, an jera su ne bisa tsarin wata ƙasa, kuma rahoto zai auna yaro da jerin da ka ba shi kawai, bai san abin da sikim ya ce ba. Idan ka gama, sai ka ƙirƙiri darasi ɗaya ga kowane mako, ka sa masa suna mai farawa da lambar makon, misali "Mako 4, haɗa rabi da sulusi". Kada ka zuba abubuwa fiye da biyar a cikin darasi guda. Ni dai ban taɓa ganin aji ya gama fiye da haka a mako ba, kuma darasin da ya yi kauri rahotonsa ba ya karantuwa. Ka bar darussan makonni masu zuwa a ɓoye, ka riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba yara masu sauri za su tsallaka gaba su rikita maka lissafi.

Daga nan sai rajistar sunaye, kuma a nan ne na sha wuya, don haka zan daɗe a kai. Rahoto ba ya ganin fuskar yaro, sunan da aka shiga da shi kawai yake gani. A wata makarantar firamare da na taimaka wa, kwamfutocin hannu ba su kai yawan yara ba, sai aka riƙa zaunar da su uku-uku a kan na'ura guda. Wanda ya fara zama shi ne ke shiga da sunansa, sauran biyun su yi aikinsu a ƙarƙashin sunan nasa. Da muka buɗe rahoto a ƙarshen wata, sai muka ga wani yaro ya amsa tambayoyi har ya wuce misali, yayin da abokan zamansa biyu dandalin ke cewa ba su ko fara ba. Malamar ajin har ta kira mahaifin ɗaya daga cikinsu ta yi masa ƙorafi, ashe yarinyar ita ce ke amsa yawancin tambayoyin. Aikin wata guda haka muka zubar da shi, domin babu yadda za a yi a raba amsoshin bayan sun gauraya.

Maganin wannan yana da sassa. Da farko kowane yaro ya samu sunan shiga nasa, kuma malami ne zai rubuta, kada a bar yara su yi wa kansu rajista. A Kolibri akwai wurin da ake kashe wannan damar a saitin makaranta, haka nan a kashe damar duba darussa ba tare da shiga ba, domin duk aikin da aka yi a matsayin baƙo ba ya hawa kan sunan kowa. Sannan a kula da maimaituwar sunaye. Aji guda a ƙasar Hausa yana iya ɗaukar masu suna iri ɗaya har uku ko huɗu, sunan uba ma ya zo ɗaya, saboda haka ka haɗa suna da lambar yaro ta rajistar kiran suna, ta yadda sunan shiga zai zama kamar aji, lamba, sannan suna. Idan yaran suna da yawa, a jera sunayen a Excel, a adana su a tsarin CSV, wato nau'in fayil na jadawali da dandalin ke iya karantawa, a ɗora su gaba ɗaya, wanda ya fi sauri nesa ba kusa ba a kan rubuta su ɗaya-ɗaya. Ga 'yan firamare ina ganin kalmar sirri ɓata lokaci ce, domin rabin darasi zai tafi wajen tuna wa waɗanda suka manta, kuma Kolibri ya yarda ɗalibi ya shiga da sunansa kaɗai idan an saita haka. Ga 'yan sakandare kuwa sai da kalmar sirri, don su sun san yadda ake yi wa aboki aiki.

Sai dokar musayar na'ura. Kallon bidiyo ana iya yin sa a rukuni, amma atisaye da gwaji kowa da sunansa zai yi, kuma wanda ya gama dole ya fita daga asusunsa kafin ya miƙa wa na gaba. Ka naɗa monita guda a kowane layi wanda aikinsa duba sunan da ke saman allo kafin a fara. Wannan zai ci kamar minti biyar daga darasi, kuma malamai sukan yi guna-guni a kai, amma idan aka bar shi duk abin da zai biyo baya aikin banza ne.

Akwai wani ƙaramin abu da ke da alaƙa da wannan, wato agogo. Makarantu da yawa suna ɗora Kolibri a kan Raspberry Pi, wani ɗan ƙaramin nau'in kwamfuta mai girman tafin hannu, saboda araharsa da ƙarancin wutar da yake ci, har ƙaramar sola ma tana riƙe shi. Sai dai tsofaffin samfuransa ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an ɗauke wuta, kuma tunda babu intanet da zai gyara masa lokaci, yana iya tashi da kwanan watan da ya wuce. Sakamakon haka aikin Talata sai ya fito a rahoto da kwanan wata na makon jiya. Ka duba kwanan wata kowace safiya, ko a sayi ɗan ƙaramin agogo mai batir da ake maƙala masa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Bayan sunaye sun daidaita, abu na gaba shi ne ka san me dandalinka yake nufi idan ya ce an kammala. Wannan kalma ita ce ta fi yaudarar malamai. Bidiyo yana zama kammalalle idan ya yi ta tafiya a kan allo, ko da yaron yana kallon taga. A Google Classroom ɗalibi yana iya danna alamar miƙa aiki ba tare da ya haɗa komai ba, kuma za a lissafa shi cikin waɗanda suka miƙa. A Moodle malami ne ke zaɓar sharaɗi, ko ɗalibi ya sa wa kansa alamar gamawa, ko buɗe shafi kawai ya wadatar, ko kuma sai ya sami makin cin gwaji, kuma na ƙarshen kaɗai nake yarda da shi. Atisayen Kolibri sun fi dama, domin kowanne yana da ma'aunin ƙwarewa, misali yaro ya amsa adadin tambayoyi daidai cikin na baya-bayan nan kafin a ce ya gama. Don haka kada ka ƙirƙiri darasin da bidiyo ne zalla. Kowane mako ya ƙare da atisaye, kuma idan ka zo karanta rahoto ka tsallake layin bidiyo ka je kan layin atisaye.

Karatun rahoton kansa a ware masa rana guda a mako. Ni Alhamis na zaɓa bayan an tashi, domin Juma'a gajeriyar rana ce kuma gyaran da za a yi yana buƙatar a shirya shi kafin Litinin. Minti ashirin sun isa idan aka bi tsari. Ka fara da darasin makon, ka ga nawa ne suka gama atisaye, nawa suka fara, nawa ba su taɓa shi ba. Waɗanda ba su fara ba ka gwada sunayensu da rajistar kiran suna, domin yaron da bai zo makaranta ba daban yake da wanda ya zo amma na'ura ba ta kai gare shi ba, kuma na biyun laifin tsarin aji ne. Daga nan ka duba waɗanda dandali ya yi wa alamar suna buƙatar taimako, wato waɗanda suka yi ta kuskure a atisaye. Sannan ka buɗe jerin tambayoyin da suka fi ba yara wuya, wanda a ganina shi ne shafi mafi amfani a dandalin baki ɗaya, kuma shi ne wanda sababbin malamai ba sa buɗewa.

Ga misali. A darasin haɗa rabi da sulusi, amsar daidai ita ce 5/6. Idan ka buɗe amsoshin yara ka tarar da yawa daga cikinsu sun rubuta 2/5, to ka gano ciwon, sun haɗa lambobin sama da juna, na ƙasa da juna. Wannan kuskure ne guda da ajin ya yi tarayya a kai, kuma maganinsa minti goma a gaban allo da alli, a yanka takarda gida shida, a nuna cewa rabi gida uku ne, sulusi gida biyu, jimilla biyar cikin shida. Idan kuwa amsoshin da ba daidai ba sun watsu, kowa da tasa, alama ce ta cewa yaran canka suke yi, watakila ma Turancin tambayar ne ba su gane ba, sai ka karanta musu ita da Hausa ka ga ko amsa za ta canza. Maki kaɗai ba zai bambance maka waɗannan halaye biyu ba, tunda duka biyun kashi ɗaya suke iya bayarwa.

Lokacin da aka shafe a kan darasi, wanda rahoto ke nunawa, a yi hattara da shi. Yaron da ya gama atisaye cikin minti biyu ya cancanci a kira shi ya warware tambaya guda a gaban malami, wanda kuma aka rubuta masa awa guda mai yiwuwa na'urar ya bari a kunne ya fita.

Da ka gama karatu, ka rubuta hukunci a littafin da ka ja wa layi tun farko, a gaban makon: an wuce, ko a maimaita ga kowa, ko a maimaita ga wasu. Ƙa'idata ita ce idan ɗaya cikin uku na ajin ya kasa atisaye, ba na buɗe darasin gaba sai an sake koyarwa. Idan 'yan kaɗan ne, sai in haɗa su a rukuni a cikin dandali in tura musu atisaye nasu daban, sauran su ci gaba. Kada ka sa wa rukunin sunan da zai kunyata yara. Sunan launi ko na tsuntsu ya wadatar.

Abin da ya rage ba shi da wuya. Shugaban makaranta ba ya buƙatar shafuka goma, layi ɗaya ga kowane mako ya ishe shi: batun da sikim ya ce, batun da aka kai, da adadin waɗanda suka ci atisaye. A fitar da rahoton a tsarin CSV, a buɗe shi a Excel, a ciro makin gwaje-gwaje zuwa takardar makin cikin zango, amma kada a sa kallon bidiyo a cikin maki. Iyaye kuwa a nuna wa kowa sakamakon ɗansa kaɗai, kada a ɗauki hoton rahoton aji a tura zauren WhatsApp, domin bayanan yara ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. A ƙarshen kowane wata a kwafe rahotannin zuwa filashi guda biyu, ɗaya a ofishin shugaba, ɗaya a wajen malamin aji, domin ƙaramin katin ajiya da Raspberry Pi ke aiki da shi yana iya lalacewa idan ana yawan ɗauke wuta yana tsaka da aiki.