Darasi: Ɗaura kalifar birkin baya wadda ba ta kamfanin mota ba

Kalifa ita ce ƙarfen da ke matse fad, wato takalmin birki, a jikin faifan birki idan ka taka. Idan ta baya ta ci ko ta fara yoyon mai, masu mota da yawa a Jos sukan nufi Dilimi su sayo ta wani kamfani ko ta wata mota, don ta asali tana da tsada. Ba laifi ba ne. Matsalar ita ce sau da yawa takan shiga, amma ta riƙa gogar rim ko faifai.

Kada ka je kasuwa hannu rabbana. Tafi da tsohuwar, ka jera su. Auna tazarar ramukan kusoshi, da faɗin fistin da ke tura fad, da kaurin faifan da za ta hau. Fistin da ya fi na asali girma yana sa tayoyin baya su riga na gaba kullewa, mota ta juya da kai, kuma duk wanda ya san gangaren Hawan Kibo da damina ya san wannan ba wasa ba ne. Duba kuma ɗan notin fitar da iska: dole ya kasance a sama idan an ɗaura. Idan ya koma ƙasa, ta hagu ce ka sa a dama ko ta dama a hagu, kuma iska ba za ta fita ba ko ka wuni kana bilidin, wato fitar da iska daga man birki.

Ɗaga mota, ka tokare ta da tsayayyen ƙarfe, kada ka dogara da jak kaɗai. Idan wayar hambirki a jikin kalifa take, fistinta murzawa ake yi ya koma ciki; danna shi da ƙarfi yana lalata shi. Ɗaura kalifar ba tare da tiyo ba tukuna, ka leƙa. Faifai ya zauna a tsakiya, sarari daidai ta kowane gefe. Idan ya karkata, ana gyarawa da siririyar wosha ta ƙarfe a ƙarƙashin biraket, ƙarfen da ke riƙe kalifa. Fad kuma kada ya zarce bakin faifai, in ba haka ba zai ci ya bar tudu. Kusa mai tsawo fiye da kima takan taɓa faifai ta baya.

Yanzu sai rim, inda aka fi shan wahala. Manna ɗan yumɓu a bayan kalifa da samanta, sa taya, ɗaure noti, sannan ka cire ka auna kaurin yumɓun da ya baje. Ana son aƙalla milimita 3 ko'ina, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, rim kuma yana ɗan lanƙwasa a kwana. Wani lokaci ba rim ɗin ne ke gogawa ba, dalmar balansin da aka manna a cikinsa ce. Sai mai balansin ya matsar da ita. Idan ƙafafun rim ne ke taɓawa, sifesa, wato faifan ƙarfe da ake sawa a bayan rim don ya ɗan fito waje, mai milimita 3 zuwa 5 tana isa, muddin ta zauna cif a kan hob, inda ake ɗaure taya. Amma ƙirga zagayen noti: a kusar M12 (mai kaurin milimita 12) mai zare 1.5, kamar ta Toyota da Honda, sai ya yi zagaye 8 cikakku. Idan bai kai ba, a canza kusoshi masu tsawo. Idan kuwa saman kalifa ne ke gogar cikin rim, sifesa ba ta cika magancewa ba, sai a koma rim mai inci 16 maimakon 15. Akwai masu ɗauko giranda su kankare jikin kalifa. Kada ka yarda, akwai hanyar mai a cikinta. Gwada tayar sifiya ma, an cika mantawa da ita.

Haɗa tiyo da sababbin woshar tagulla guda 2, kada ya murɗe ko ya taɓa taya idan mota ta sauka da kaya. Zuba man da aka rubuta a murfin tanki, DOT 3 ko DOT 4, ka yi bilidin har kumfa ya daina fita. Notin taya na Corolla da Camry ana ɗaure shi a Nm 103 a sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin mota ta motsa. Yi gwaji a hankali a fili, sannan ka cire taya ka duba ko akwai sabon ƙarzo mai sheƙi a cikin rim ko a bayan kalifa.