Yadda Ake Karanta Littafin Ma'aji na Da'irar Wa'azin Methodist ta Farko

Duk wanda ya samu littafin lissafin wata da'irar wa'azi ta Methodist (wata ɗarikar Kirista) na ƙarni na 18 a Ingila, ya kamata ya fara sanin kuɗin zamanin, domin kwabo 12 ne ke yin sule ɗaya, sule 20 kuma su ne fam ɗaya. Da'ira ita ce rukunin garuruwan da masu wa'azi suke zagayawa a kan doki, kuma a shekarar 1746 guda bakwai kacal ake da su.

Fara karatu daga ɓangaren kuɗin shiga, ba daga jimillar da ke ƙasan shafi ba. Tushen tsarin yana birnin Bristol, inda a 1742 wani Kyaftin Foy ya ba John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar, shawarar kowane mamba ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako don a biya bashin ɗakin taronsu. Aka raba jama'a aji-aji, kowane aji mutum 12 ko kusa da haka, da shugaba mai karɓar kuɗin. Daga baya ƙa'idar ta zama kwabo a mako, da sule ɗaya duk wata uku lokacin sabunta tikitin zama mamba.

A nan ne ya dace a daɗe ana lissafi. Mamban da ya cika ƙa'ida zai ba da sule 8 da kwabo 4 a shekara, alhali alawus ɗin da aka yanka wa mai wa'azi a 1752 fam 12 ne a shekara. Ke nan sai an haɗa kuɗin mutum 29 kafin a biya mai wa'azi ɗaya, ba a ma zo kan matarsa da 'ya'yansa da abincin dokinsa ba. Ninka yawan mambobi da sule 8 da kwabo 4 ɗin nan, sannan ka gwada da abin da aka rubuta an karɓa. Giɓin da za ka gani, a ganina, ya fi komai bayyana halin jama'ar wurin, domin yawancinsu talakawa ne masu aikin ƙarfi, kuma ba a korar mutum don ya kasa biya.

Bayan haka sai ka nemi ranakun taron wata uku-uku, wanda aka fara yi kusa da garin Todmorden a arewacin Ingila a watan Oktoba na 1748. A wurin ne ma'ajin ƙungiyar mambobin kowane gari yake miƙa abin da ya tara ga ma'ajin da'ira, a gaban babban mai wa'azi da ake kira mataimakin Wesley. Ma'ajin nan ba mai wa'azi ba ne, kuma umurnin da aka ba shi shi ne kada ya kashe fiye da abin da ya karɓa, kada kuma ya ci bashi.

Kada ka haɗa kuɗin da'ira da tarin da ake aikawa babban taron shekara, kamar na makarantar Kingswood da Wesley ya kafa kusa da Bristol. Idan kuwa littafin na Amurka ne, ma'aunin ya canja: alawus ɗin mai wa'azi dala 64 a shekara daga 1784, dala 80 daga 1800, sannan dala 100 daga 1816.